Abin da Ɗalibin Adabi Ke Komowa Gida da Shi

Duk uban da ɗansa ya sami shiga jami'a, abin da ya kan fara tambayarsa shi ne, "Me za ka karanta?" In yaron ya ce likitanci, ko aikin injiniya, ko shari'a, sai hankalin uba ya kwanta, gama ya san likita, ya taka gada, ya kuma taɓa tsayawa gaban alƙali. Amma in ya ce zai karanta tarihi, ko harshe, ko labarin addinai, ko hikimomin marubuta, watau abubuwan da za mu tara mu kira karatun adabi, sai ka ga uba ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "To, in ka gama me za ka ci?" Kada kowa ya ce wannan tambayar jahilci ce. Mutumin da ya sayar da gyaɗarsa ko maraƙinsa ya biya kuɗin makaranta, hakkinsa ne ya san abin da a ke saya masa.

Akwai wani ɗan littafi da na ga ya kusa amsa wannan tambaya, ko da ya ke ba dominta aka rubuta shi ba. Sunansa Home and Exile, watau Gida da Zaman Baƙunci. Da Turanci ya ke, mai shi kuwa Chinua Achebe ne, mutumin Ogidi ta ƙasar Ibo, wanda aka haifa a 1930, ya rasu a 2013. Asalin littafin laccoci uku ne da ya yi a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1998, aka tara su aka buga a 2000. A lokacin nan yana zaune a Amurka, tun bayan haɗarin motar da ya yi a 1990 wanda ya naƙasa masa ƙafafu. Nufina in auna muku littafin nan, in nuna inda ya yi daidai da inda na ga ya gaza, don wanda ke da yaro a wannan sashe ya san abin da zai sa rai a kai.

Sai mun fara sanin makarantar da labarin ya faru a cikinta. A watan Janairu na 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, garin da mu ke kira Badun, da ɗalibai 104. Ita ce ta fari irinta a Nijeriya. A ƙarƙashin Jami'ar Landan ta ke a lokacin, can a ke tabbatar da jarrabawa, can kuma digiri ke fitowa, sai a 1962 ta tsaya da ƙafarta. A cikin shekarar da aka buɗe ta Achebe ya shiga, da sukolashif don ya karanta likitanci. Ya yi shekara guda, ya ga zuciyarsa ba ta nan, sai ya koma karatun Turanci da tarihi da ilmin addinai. Da ya sauya, sukolashif ɗin ya kuɓuce masa. Ku dubi halin da iyayensa su ka shiga, yaro ya saki aikin likita ya kama abin da ba a san sunan sana'arsa ba.

Gindin littafin duka wani abu ne da ya faru a aji wajen 1952. Malaminsu na adabin Turanci, Bature, ya ba su wani littafin ƙagaggen labari su karanta, mai suna Mister Johnson. Mawallafinsa Joyce Cary ne, mutumin Ailan, wanda aka ɗauka aikin mulki a Nijeriya ta Arewa a 1913, ya zauna a lardin Bauchi, daga baya ya riƙe ƙasar Bargu, inda ya sha aikin gina hanyoyi da gadoji, ya bar ƙasar a 1920. A 1939 littafin ya fito, a 1952 kuwa wata babbar mujallar Amurka mai suna Time ta yabe shi, ta ɗora shi a kan duk littattafan labari da aka taɓa rubutawa a kan Afirka. Saboda haka malamin yana zaton ya kawo wa ɗalibansa abin da za su yi murna da shi, tun da ya ke labarin ƙasarsu ne.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Johnson wani saurayi ne ɗan kudu, akawu a wani gari na Arewa da mawallafin ya ƙaga, ya sa masa suna Fada. Yaro ne mai fara'a, mai son kiɗa da rawa da kashe kuɗi, kullum bashi ya yi masa katutu. Maigidansa wani ƙaramin Di'o ne, Rudbeck, wanda ba abin da ke ransa sai gina hanya. Da kuɗin hanya su ka ƙare, Johnson ya nuna masa yadda zai ɗebo kuɗin da aka ware wa wani aiki ya zuba a hanya, a rubuta a littafi kamar an kashe su inda aka ware. Asiri ya tonu, aka kori akawu. Daga nan ya yi ta gangarawa, har ya kashe wani Bature mai kanti garin sata, aka yanke masa hukuncin rataya. Ya roƙi maigidansa ya harbe shi da hannunsa maimakon igiya, ya kuwa harbe shi.

Achebe ya ce da aka zo tattauna littafin, sai wani ɗalibi ya miƙe ya gaya wa malamin cewa babu inda ya ji daɗi a cikinsa sai wurin da aka harbe Johnson. Malami ya yi mamaki ƙwarai, sauran ɗalibai kuwa su ka goyi bayan ɗan'uwansu. Shi kansa Achebe bai ce hukuncin yaron ya cika ta fuskar sharhin adabi ba. Abin da ya ɗauka da girma shi ne, a ran nan yara su ka gane cewa littafi na iya yin kyau a idon duniya duka, alhali bai faɗi gaskiyar mutanen da ya ke magana a kansu ba. Ya ce abin da ya fi ɓata masa rai ma ba wautar Johnson ba ce, ƙyamar da ke ɓoye a ƙarƙashin alƙalamin mawallafin ce, duk sa'ad da ya zo siffanta taron baƙaƙen mutane.

A nan littafin Achebe ya yi daidai, a nan kuma amsar farko ta tambayar uban nan ta ke. Abin da ɗalibin adabi ke fara samu shi ne iya auna magana. Mu da mu ka koyi karatu da girmanmu mun san wata cuta da ke kama sabon mai karatu, watau ya ɗauka duk abin da ya gani an buga a takarda gaskiya ne, tun da ya ke inji ne ya buga. Matakin farko na ilmi ke nan, ka iya haɗa baƙaƙe ka fid da kalma. Mataki na biyu shi ne ka tambaya, wa ya rubuta wannan? Daga ina ya ke tsaye sa'ad da ya ke kallo? Me ya gani da idonsa, me kuma ya cika da zato? Likita ya kan koyi jikin mutum, injiniya ya koyi nauyin da ƙarfe ke iya ɗauka, shi kuwa wannan ya kan koyi nauyin da magana ke iya ɗauka. Ba ƙaramin abu ba ne, gama da magana a ke mulki, da ita a ke shari'a, da ita a ke ƙulla ciniki, da ita kuma a ke cutar wanda bai iya auna ta ba.

Ni akawu ne, aikina riƙon littafin kuɗi da rubuta wasiƙu, don haka ina da ta cewa a kan Johnson. Na ga Achebe ya ɗan tsananta wa Cary. Baturen ya san ofis. Ya san yadda kuɗi ke ƙarewa aiki bai ƙare ba, ya san yadda a ke karkatar da lissafi da sanin na sama, ya kuma san cewa ran da mai binciken kuɗi ya zo, a kan ƙaramin ma'aikaci bango ke faɗuwa. A nan bai yi ƙarya ba, kowane akawu zai shaida. Inda ya kasa shi ne cikin zuciyar akawun. Kusan ba mu san kome ba game da gidan da Johnson ya fito, ba mu ga dare ɗaya da ya kasa barci don tunanin gobe ba. Cary ya ga akawu ta ƙofar ofis, bai taɓa bin sa gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, ɗaliban Badun kuwa masu ɗakin ne. Da Achebe ya ba Cary hakkinsa kāna ya nuna gazawarsa, da darasin ya fi cika, don auna magana ya ƙunshi ka yarda da gaskiyar abokin gardamarka.

To, amma daga ina yaran nan su ka sami ƙarfin halin musa wa malami, har da mujallar Amurka? Wanda ya karanta littafin da gaggawa zai zaci a ran nan kaɗai ido ya buɗe. Wannan ita ce gazawar littafin ta farko a wurina. Lacca ce, mai lacca kuwa ya kan so labari ɗaya mai kama zuciya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. In mun duba tarihin mutumin, da abin da ya faɗa a wasu wurare, za mu ga abubuwa huɗu da su ka riga su ka shirya shi.

Na farko, yawan karatun da ba na jarrabawa ba. Kafin Badun ya yi Kwalejin Gwamnati ta Umuahia daga 1944 zuwa 1948. Shugaban makarantar, William Simpson, ya kafa doka cewa a wasu ranaku da la'asar ba wanda zai taɓa littafin aji, sai dai ya motsa jiki ko ya shiga laburare ya ɗauki wani littafi dabam. Kowa zai ce ɓata lokaci ne. Amma daga makarantar nan marubuta irin su Christopher Okigbo da Chukwuemeka Ike da Elechi Amadi da Ken Saro-Wiwa su ka fito. Wanda ya karanta littafi ɗari shi ke iya gane na ɗari da ɗaya in ya karkace. Mai littafi guda ba shi da abin gwadawa.

Na biyu, rubutu a gaban tsara. Ɗaliban Badun suna da jaridarsu, University Herald. A 1950 Achebe ya fara rubutu a cikinta, a shekarar karatu ta 1951 zuwa 1952 ya zama editanta, a nan kuma gajerun labaransa na farko su ka fito. A wata hira da aka yi da shi a 1994 ya ba da labarin cewa ya taɓa shiga gasar gajeren labari ta sashensu, ba a ba kowa kyauta ba, sai dai an ce nasa yana da kyau amma ba shi da tsari. Ya tambayi malamar da ta duba, mene ne tsari? Ta ce za ta gaya masa. Ya yi ta jira har wa'adin karatu ya wuce, ran nan ta ce masa ta sake karantawa, ba ta ga aibinsa ba. Ke nan aji bai koya masa rubutu ba. Jaridar yara ce ta koya masa, inda a ke da ranar da dole takarda ta fita, a ke da masu karatu waɗanda za su tare ka a ɗakin cin abinci su ce ba su gane abin da ka ke nufi ba. Abin da ya koya a kujerar editan nan bai tafi banza ba. Daga 1962 zuwa 1972 shi ne ya riƙa ba kamfanin Heinemann shawara a kan jerin littattafan marubutan Afirka, har aka buga wajen ɗari a ƙarƙashin kulawarsa.

Na uku, abokan zama. Okigbo ma likitanci ya zo yi Badun, ya koma karatun Latin da Girkanci. Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986, ya yi karatu a can daga 1952 zuwa 1954. Flora Nwapa ta gama a 1957. A 1958 J. P. Clark, yana ɗalibi, ya fara fid da mujallar waƙoƙi mai suna The Horn, da taimakon malaminsa Martin Banham. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan, malami ya kan biya maka sau ɗaya, amma wurin bita da 'yan'uwa, da gardama a kan ma'anar kalma, nan karatu ke zama. Ku lura ma, Elechi Amadi lissafi da kimiyya ya karanta a Badun, amma ya zama marubuci sananne. Wannan ya nuna zaman makarantar ya yi aikin da sunan sashe kaɗai ba zai yi ba.

Na huɗu, sanin maganar gida. Wannan kam littafin ya cika shi, shi ne ma wurin da ya fi daɗi a cikinsa. Ya fara da komawarsu Ogidi a 1935, sa'ad da ubansa ya huta daga aikin mishan, shi yana ɗan shekara biyar. Ya nuna yadda ya tashi yana sauraron labaran garinsu da maganganun dattawa. Ba don wannan guzuri ba, da bai sami ma'aunin da zai auna Cary da shi ba. Yaron da ya raina hirar kakarsa, in ya je jami'a aka gaya masa ƙarya a kan mutanensa, sai ya rubuta ta a jarrabawa ya ci maki.

Gazawa ta biyu ita ce ta lissafi, ita ce kuwa ta fi shafar uba. Mai neman asara da riba ba zai same su a littafin nan ba, sai ya nemo a wani wuri. Da sukolashif ya tafi, gwamnati ta ba da ɗan taimako, sauran kuwa dangi ne su ka haɗa, har wansa ya haƙura da kuɗin da ya tanada don zuwa gida hutu. A 1953 ya gama, digirinsa ma mai daraja ta biyu ne. Ya yi 'yan watanni yana koyarwa, a 1954 ya sami aiki a gidan rediyon gwamnati a Ikko, sashen shirya jawabai. A 1956 aka aika da shi kwas a BBC a Landan. Littafinsa na farko da hannu ya rubuta, ya aika da kofi ɗaya tak da ya ke da shi zuwa wani ofishin masu buga tafireta a Ingila, su ka karɓi kuɗi su ka yi shiru wata da watanni, sai da shugabarsa ta wurin aiki ta je hutu ta tsaya a kansu. A 1958 Things Fall Apart ya fito, kofi 2,000 aka fara bugawa, ga shi an fassara shi cikin harsuna fiye da 50. Shekara goma ke nan tsakanin shigarsa Badun da fitowar littafin, a cikinsu kuwa akwai gumin dangi, akwai albashin gwamnati, akwai kuma sa'a.

Har wa yau zamani ya sake. A lokacin su Achebe masu digiri 'yan ƙalilan ne, Turawa na shirin tafiya, kujeru na jiran masu hawa. Yanzu jami'o'in Nijeriya sun haura 200, takardar digiri kaɗai ba ta buɗe ƙofar da ta ke buɗewa a dā. Wannan bai rushe darasin ba, ƙara masa nauyi ya yi. Tun da ya ke takarda ta yi yawa, abin da zai bambanta yaro da dubun tsaransa shi ne abin da ya iya yi da bakinsa da alƙalaminsa, ya rubuta wasiƙa a gane, ya karanta rahoto mai shafi hamsin ya faɗi abin da ke ciki a magana goma, ya tsaya gaban taro ya kare ra'ayinsa ba da zagi ba.

Gazawa ta uku ƙarama ce, amma ta taɓa mu. Da littafin ya zo ba da labarin yadda 'yan Afirka su ka fara karɓar alƙalami su faɗi labarinsu da kansu, hankalinsa ya fi karkata ga masu rubutu da Turanci, kamar Amos Tutuola wanda littafinsa ya fito a Landan a 1952. Amma tun a 1933 aka yi gasar ƙaga labari da Hausa a ƙarƙashin Rupert East a Zariya, wadda ta fid da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekaru kafin Cary ya ƙaga akawunsa. Na kawo wannan ne don kada ɗalibinmu ya zaci auna magana sai da Turanci. Wanda ya ƙware a harshensa ya riga ya yi rabin tafiya.

Hukuncina a kan littafin shi ne, yana da kyau, gajere ne, maganarsa a sarari ta ke, ya kamata duk ɗalibin adabi ya karanta shi, wanda bai iya Turanci ba kuma ya sa a karanta masa a fassara. Sai dai a karanta shi yadda shi mai shi ya koya mana, watau da ma'auni a hannu, a tuna cewa ya nuna ranar girbi fiye da ranakun noma.

Kai kuwa uba, in yaronka ya zo hutu, kada ka tsaya ga tambayar maki kaɗai. Tambaye shi littafi nawa ya karanta bana wanda ba malami ne ya sa shi ba. Tambaye shi ko ya rubuta wani abu da 'yan'uwansa su ka karanta su ka yi masa gyara. Tambaye shi su wa ya ke zama da su, a kan me su ke gardama. Sa'an nan ka ba shi wata takarda, ko ta haraji ce ko ta sayen gona, ka ce ya bayyana maka ita da Hausa a gaban dattawan unguwa. In ya amsa ukun nan, ya kuma yi bayanin da kowa ya gamsu, to, kwantar da hankalinka, maraƙinka bai tafi a banza ba. In kuwa ya kasa, gaya masa tun da sauran lokaci, gama laburare da jaridar ɗalibai da zauren gardama duk suna cikin kuɗin da ka biya. Allah ya sa yaranmu su komo da abin da zai amfane su, ya amfani jama'a.